Eddie Murphy da kewar da ake yi wa barkwancinsa na kan dandamali

A watan Agustan 1983 wani saurayi ɗan shekara 22 ya hau dandamalin zauren Constitution Hall da ke birnin Washington, sanye da riga da wando na jar fata, ba shi riƙe da komai sai makirfo, ya kuma shafe fiye da awa guda yana magana dubban mutane suna ƙyaƙyata dariya. An ɗauki wasan a faifai, tashar HBO ta nuna shi a wannan shekarar da sunan Delirious. Shekara huɗu bayan haka ya sake irinsa a New York, wannan karon cikin kayan fata masu ruwan shunayya, aka kai shi gidajen sinima da sunan Raw, ya tara dala miliyan 50 da 'yan kai, kuɗin da babu wani wasan barkwanci na mutum ɗaya da ya taɓa tara kamarsu a sinima. Daga nan Eddie Murphy ya ajiye makirfo. Tun lokacin ake samun masu cewa Eddie na gaskiya shi ne wancan mai jar riga, mai bakin da ba ya shakkar kowa, wanda fim ya zo ya sace, ya wanke shi tas, ya mayar da shi muryar jaki a fim ɗin zane na yara. Wannan kewa ita nake son warwarewa, domin a ganina akwai gaskiya a cikinta, amma masu yin ta sun ɗora ta a kan abin da ba shi ne ya cancanci a yi kewarsa ba.

Ya kamata a fara da sana'ar kanta, tunda yawancinmu a fim muka san mutumin. Barkwancin tsaye, kamar yadda ake yin sa a Amurka, mutum ɗaya ne ke fuskantar jama'a, babu makaɗi a bayansa, babu abokin wasa da zai karɓa masa, babu darakta da zai ce a tsaya a sake. Da sunansa yake magana, kuma a kan rayuwarsa, ko da ya ƙara mata gishiri. A ƙasar Hausa 'yan kama ne suka fi kusa da wannan, su da ke kwaikwayon karatun malamai su juya shi zuwa zancen tuwo da miya, sai dai ɗan kama yana da inuwar al'ada da yake fakewa a ƙarƙashinta, kowa ya san iyakar da aka yi masa, kamar yadda Bafulatani da Babarbare suka san iyakar tsokanar da ke tsakaninsu. Shi kuwa mai barkwancin tsaye na Amurka kullum a bakin iyakar yake kasuwarsa, yana gwada ko za a bar shi ya ƙetare. Idan zauren ya yi shiru, babu wanda zai ɗora wa laifi, a gaban kowa zai ji kunya.

An haifi Murphy a Brooklyn a watan Afrilun 1961. Mahaifinsa ɗan sanda ne mai taɓa barkwanci, an kashe shi Eddie yana ɗan shekara takwas, sai ya tashi a garin Roosevelt na Long Island a hannun mahaifiyarsa Lillian da mijinta Vernon Lynch. Yana da shekara 15 ya fara hawa dandamali yana kwaikwayon mawaƙa, yana da 19 aka ɗauke shi a shirin talabijin na Saturday Night Live, a 1980, daidai lokacin da wanda ya kafa shirin, Lorne Michaels, ya tafi tare da fitattun 'yan wasansa, shirin kuma yana tangal-tangal. Mutane da yawa sun yi ittifaƙi cewa wannan yaron ne ya hana a rufe shi.

To a nan ne lissafin masu kewa ya fara kuskurewa. Suna magana kamar akwai wani dogon zamani na barkwanci zalla, sannan fim ya biyo baya ya rufe shi. Ba haka tarihin yake ba. Fim ɗinsa na farko, 48 Hrs., ya fito a ƙarshen 1982, na biyu, Trading Places, ya fito a tsakiyar 1983, wato kafin ma a ɗauki Delirious. Beverly Hills Cop, wanda ya tara dala miliyan 234 a cikin Amurka kaɗai, na 1984 ne, shekara uku kafin Raw. Saboda haka saurayin da ya hau dandamali a Washington tauraron fim ne tun a ranar, mutanen da suka cika zauren kuma sun zo ganin wanda suka riga suka gani a allon sinima. Ita kanta jar rigar ba shigar ɗan barkwancin da ke neman suna a ƙananan gidajen shaƙatawa ba ce, shigar mawaƙi ce wanda ya san duniya na hannunsa. Isar da ake yabo a wasannin nan biyu, da taƙamar, da rashin shakkar, wani babban kasonsu fim ne ya ba shi. Eddie na kafin fim, wanda ke yawo gidajen barkwanci na Long Island da Manhattan yana karɓar 'yan canji, kusan babu wanda ya gan shi cikin masu kewarsa a yau.

Abu na biyu da ake mantawa shi ne dalilin da ya sa ashar ɗin da ke bakinsa ta yi nauyi a kunnen mutanen wancan lokaci. Shekara ashirin kacal kafin Delirious, zagi a kan dandamali laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. An yanke wa mai barkwanci Lenny Bruce hukunci a New York a 1964 bisa laifin batsa a wasansa, ya mutu a 1966 shari'ar ba ta ƙare ba, sai a 2003 gwamnan jihar ya yi masa afuwa. An kama wani mai barkwancin, George Carlin, a Milwaukee a 1972 saboda wasansa a kan kalmomi bakwai da ba a faɗa a talabijin, kuma a 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa hukuma ikon tsawata wa gidajen rediyo da talabijin a kan irin waɗannan kalamai. Tashoshin da ake biya kafin a kalla, irin su HBO, wannan doka ba ta hau kansu ba, sannan ga kaset ɗin bidiyo ya fara shiga gidaje. Murphy ya zo daidai lokacin da ƙofar ta buɗe. Yaran da suka kalli Delirious a ɓoye, bayan iyaye sun yi barci ko a gidan aboki, sun ji abin da ba su taɓa ji ya fito daga akwatin talabijin ba. Su ne manyan yau da ke cewa an daina barkwanci. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ina zargin cewa rabin abin da suke tunawa ba Eddie ba ne, daɗin satar kallo ne da ƙuruciyarsu. Yau da kowane irin zagi ke cikin wayar da ke aljihun kowa, waɗannan kalmomi ba za su sake tayar wa kowa da tsikar jiki ba, ko wa ya faɗe su.

Shi kansa Murphy ya san ana jayayya a kan bakinsa tun a lokacin, har ya mayar da jayayyar abin wasa. A cikin Raw ya ba da labarin yadda Bill Cosby, wanda a shekarun nan shi ne abin misali na dattijon baƙar fata mai tsabtar harshe, ya buga masa waya yana yi masa faɗa a kan ashar, shi kuma ya kai ƙara wurin Richard Pryor, fitaccen mai barkwanci baƙar fata da ya riga shi shiga sana'ar, Pryor ya ce masa muddin mutane na dariya kuma ana biyan sa, to ya ci gaba. Labarin ya nuna gidaje biyu da baƙar fata mai barkwanci zai iya shiga a lokacin, na mai lallashin farar fata ya nuna musu cewa shi ma mutumin kirki ne, da na mai magana yadda ake yi a unguwa ko da wani zai ji haushi. Murphy ya zaɓi gidan Pryor, kuma ga matasa baƙar fata da yawa wannan zaɓi yana da ma'anar da ta wuce dariya. Masu barkwanci Chris Rock da Dave Chappelle duk sun sha faɗin irin tasirin da ya yi musu, kuma Murphy ne ya ba Rock ƙaramin matsayi a fim ɗinsa na 1987.

Amma duk wanda ya sake zama ya kalli Delirious a yau da idon basira zai ga wani abin da ya saɓa wa labarin da ake bayarwa. Wuraren da har yanzu suke da rai ba su ne masu kaifin ba. Labarin mai sayar da askirim ne, yadda yara ke ruɗewa idan suka ji ƙarar motarsa, da yadda wanda ya samu yake yi wa wanda bai samu ba gwalo da waƙa, har nasa ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Labarin mahaifiyarsa ne, wadda ke jifa da takalmi ba ta kuskure ko yaro ya sha kwana. Labarin taron dangi ne a bayan gida ana gashin nama, kawu ya tula wa wuta mai har ta kusa cin gidan, goggo mai ƙiba ta gangaro daga matakala, maigida ya bugu yana tuna wa kowa cewa gidan nan nasa ne. A waɗannan wurare mutum ɗaya ne a tsaye, amma sai mai kallo ya rantse mutum shida ya gani, kowa da muryarsa da tafiyarsa da yadda yake ɗaga gira. Haka kuma a Raw, abin da ya fi zama a zuciya shi ne labarin yaron da ya roƙi a saya masa abincin kanti, uwarsa ta ce za ta yi masa wanda ya fi shi a gida, ta haɗa masa wani dunƙulen nama da albasa da tattasai a tsakanin burodin gida, ya fita da shi yana kuka sauran yara suna yi masa dariya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake lissafin kuɗin cefane ya san wannan yaron, ko a Long Island yake ko a Zinder. Baiwar Murphy ta gaskiya kunne ce, da iya shiga jikin wani. Ashar ɗin ado ce da zamaninsa ya yayi.

Wuraren da aka kira masu kaifi kuwa su ne suka fi tsufa, wasunsu ma sun ruɓe. Delirious ya buɗe ne da ba'a ga 'yan luwaɗi, ya zarce zuwa wasa da cutar ƙanjamau, a 1983, shekara biyu da gano ta, lokacin da babu magani, mutane na mutuwa, ana gudun masu ita saboda jahilcin yadda ake ɗaukar ta. Wasan nasa ya ginu ne a kan wannan jahilcin, cewa ana iya kwaso ta ta hanyar sumba a kawo gida. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan rayuwar waɗanda cutar ta fara yi wa ɓarna, yi wa majinyaci dariya a bakin kabarinsa ba jarumtaka ba ce, kuma mu da muka ga yadda tsangwama ta hana mutane zuwa gwaji a garuruwanmu mun san illar irin wannan magana. Raw kuma cike yake da ɗacin rai a kan mata, cewa duk kuɗin namiji suke hari, duk rabin dukiyarsa suke jira a kotu. A nan ne ya kawo wasan da ya shafe mu kai tsaye, inda ya ce shi Afirka zai tafi ya samo mace daga daji, tsirara a kan jakin dawa, wadda ba ta san kuɗi ba, sannan ya nuna yadda matan Amurka za su hure mata kunne ita ma ta nemi rabi. Zauren ya yi dariya ƙwarai. Ni dai duk lokacin da na kai wurin nan sai na tuna cewa wannan hoto na Afirka shi ne dai wanda Turawan mulkin mallaka suka zana, bai canza ba don ya fito daga bakin baƙar fata.

Kwatanci da Pryor yana da amfani a nan. Pryor ya tashi a Peoria a gidan karuwai da kakarsa ke riƙe da shi, ya sha fama da ƙwaya, ya ƙone kansa a 1980 har ya kusa mutuwa, kuma duk wannan ya ɗauko ya baje a gaban jama'a. Kaifin wuƙarsa kansa ya fara yanka. Da ya ziyarci Kenya a 1979 ya dawo ya daina amfani da kalmar nan ta ƙasƙanci da ake kiran baƙar fata da ita, wadda a da ita ce gishirin wasansa, ya kuma bayyana dalili a kan dandamali. Murphy na shekara 22 bai sha irin wannan wuya ba tukuna, kuma kaifinsa mafi yawa waje yake kallo, wajen waɗanda ba su cikin zauren ko ba su da bakin ramawa. Shi ma ya gane haka. A 1996 ya fitar da sanarwar neman afuwa a kan wasanninsa na ƙanjamau, yana mai cewa magana ce ta yaro da bai san abin da yake faɗa ba, kuma a 2019 ya ce wasu sassan tsofaffin wasannin nasa suna sa shi jin kunya, ya danganta ɗacin da ke cikin Raw da ɓacin ran soyayya da yake ciki a lokacin. Abin lura ne cewa masu kewa suna kāre abin da mai shi ya riga ya janye daga gare shi.

Sai tambayar dalilin barinsa. Amsar da aka fi bayarwa ita ce kuɗi, kuma ba ƙarya ba ce, amma yadda sana'ar ke tafiya ya fi bayyana lamarin. Awa guda ta barkwanci ba a ɗaki ake rubuta ta a fito da ita cikakkiya ba. Ana gina ta ne dare bayan dare a ƙananan gidaje, a gwada magana ta faɗi, a gyara, a sake gwadawa, wata shekara guda ko fiye. Wanda ya kai matsayin Murphy ba shi da wurin da zai faɗi a ɓoye, domin da ya shigo za a fara dariya kafin ya buɗe baki, dariyar da ba za ta gaya masa ko maganar ta yi ko ba ta yi ba, yau kuma ga wayoyi da za su watsa ɗanyen aikin kafin gari ya waye. Sannan barkwanci ba kamar waƙa ba ne. Mawaƙi zai shekara talatin ana roƙon sa ya maimaita tsohuwar waƙa, mai barkwanci kuwa da zarar an nuna wasansa ya ƙone, dole ya koma farko. Ga kuma matsalar abin faɗa, domin mutumin da ke zaune bayan katanga da masu gadi ya yi nisa da motar askirim. Alamar haka ta bayyana tun a Raw, inda yawancin zancen ya koma kan shahara da dukiya da tsoron masu cin ta. Ba shi kaɗai ba ne, mai barkwanci Steve Martin ma ya bar dandamali a 1981 yana kan ganiyarsa, lokacin da yake cika manyan filaye.

Zargin cewa fim ya lalata shi yana da hujjoji, ba zan musa ba. The Adventures of Pluto Nash na 2002 an kashe masa kusan dala miliyan 100, bai dawo da ko kashi ɗaya cikin goma ba, kuma akwai finafinai da dama da ya yi waɗanda a fili yake albashi kawai ya je karɓa. Sai dai idan an yarda cewa baiwarsa shiga jikin mutane ce, to fim faɗaɗa ta ya yi. A Coming to America na 1988, wanda shi ne mutanenmu suka fi sani, shi ne yariman, shi ne mai askin da ke gardamar dambe, shi ne kuma tsohon Bayahude farar fata da ke zaune a shagon, wanda masu kallo da yawa ba su gane shi ba sai da aka rubuta sunaye a ƙarshe. A The Nutty Professor na 1996 ya zauna a teburin cin abinci a matsayin mutum biyar na gida ɗaya, uwa da uba da kaka da 'ya'ya biyu, suna katse juna. Wannan teburi shi ne taron gashin naman nan na 1983, an dai ba shi fuskoki. A 2006 ya nuna cewa zai iya sa mutum kuka, har aka sa shi cikin masu takarar Oscar, babbar lambar yabo ta fim, saboda rawar da ya taka a Dreamgirls.

Inda nake tare da masu kewa shi ne a kan kasada. Fim aikin taro ne, akwai marubuta da darakta da masu zuba jari da masu tace hoto, kuma kafin ya iso ga mai kallo an goge duk wani tuntuɓe. A kan dandamali kuwa babu shamaki tsakanin tunanin mutum da kunnen jama'a, magana zarar bunu ce, kuma mai kallo yana jin cewa komai na iya faruwa a minti na gaba. Wannan ne fim ba zai iya bayarwa ba, kuma wannan ne aka rasa tun 1987. Asarar ma ta fi yadda suke zato girma, domin abin da aka rasa ba maimaicin ɗan shekara 22 ba ne. An rasa jin abin da wannan kunne da wannan baki za su yi da shekara arba'in, da hamsin, da sittin, da mutuwar aure, da faɗuwar kasuwa, da rasuwar yayansa Charlie a 2017, da renon 'ya'ya goma. Pryor da Carlin sun tsufa a gaban jama'a, wasansu ya yi zurfi tare da su. Na Murphy ya tsaya yana da shekara 26.

Sau biyu ya ɗan buɗe ƙofar. A 2015, da aka ba shi lambar yabo ta barkwanci ta Mark Twain a Washington, ya yi 'yan mintoci yana kwaikwayon Cosby, muryar tana nan yadda take. A watan Disambar 2019 ya koma Saturday Night Live a matsayin mai gabatarwa, karo na farko cikin shekara 35, Rock da Chappelle suka hau dandamali suka tsaya kusa da shi, ya yi wasa da cewa shi da aka yi wa faɗa a kan ashar shi ne yau ke zaune a gida da yara, mai faɗan kuma, wato Cosby, yana kurkuku. Wannan dare ya kawo masa lambar yabo ta talabijin ta Emmy ta farko a rayuwarsa. A wannan shekarar ya faɗa a hirarraki cewa yana shirin komawa barkwancin tsaye a 2020, sai annobar korona ta zo ta rufe gidajen wasa.